Mako Guda a Milan: Abin da Idon Kafinta Ya Gano

Shekara 26 ke nan ina yin kayan ɗakin amare a Kano, kuma babu kalmar da na fi ji a bakin masu saye kamar "ɗan Italiya". Uwar amarya za ta zo da hoto a waya, ta miƙo mini ta ce, "Malam, irin wannan nake so, ɗan Italiya." Sai in duba, in ƙiyasta tsawo da faɗi da ido, in aika yaro 'Yan Katako ta Na'ibawa, bayan mako 3 gado ya fito. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane ne ya fara zana gadon da ke cikin hoton ba. A tunanina Italiya wata babbar masana'anta ce kawai da kaya ke fitowa daga cikinta.

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a Torino shi ya dame ni. Duk lokacin da muka yi waya sai ya ce, "Kawu, ka zo Milan a watan Afrilu ka ga inda ake haifar hotunan nan da ake kawo maka." Baje kolin da yake nufi sunansa Salone del Mobile, an fara shi tun 1961, kuma shi ne mafi girma a duniya a harkar kayan ɗaki. Na yi shekara 2 ina tara kuɗi. Maganar biza ba zan tsawaita ta ba: takardun banki, rajistar shago, shaidar masauki, tikitin shiga baje kolin, kuɗin biza Yuro 80, da zuwa Abuja sau 2. An ba ni ta kwana 10, muna tsakiyar azumi.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah ta 2024, muka yada zango a Addis Ababa, da asuba muka sauka Malpensa, filin jirgin saman Milan. Jami'in shige da fice ya juya fasfo ɗina, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da na ce Salone, ya nemi ganin tikitin da takardar masauki, ya duba, ya buga hatimi. Yaron nawa yana jirana a waje da rigar sanyi a hannu. Na ce masa daga zafin Kano na fito, ai iska nake nema. Ya ce, "Kawu, riƙe dai." Kafin kwana 2 na gode masa, don yanayi ya juya, wata iska mai sanyi ta sauko daga tsaunuka, har cikin ƙashi nake jin ta.

Daga Malpensa zuwa cikin gari tafiyar kusan kilomita 50 ce. Jirgin ƙasa muka shiga a kan Yuro 13 kowannenmu. A lokacin Yuro 1 ta haura Naira 1,000, don haka tun daga nan na daina lissafi da Naira, in ba haka ba ko ruwa ba zan iya saya ba. Da muka fito daga babbar tasha, ya nuna mini wani dogon gini siriri mai hawa sama da 30, ya ce ginin Pirelli ke nan, an gama shi a 1960, wanda ya zana shi kuma sunansa Gio Ponti. Ya ce in riƙe sunan, zan sake cin karo da shi. Wannan ne karo na farko da aka nuna mini gini aka fara da sunan mai zane kafin sunan mai kuɗin.

Masauki a makon nan wuta ne. Otal-otal na tsakiyar gari suna ninka kuɗinsu, don haka muka kama ɗaki a Sesto San Giovanni, wani gari na ma'aikata da ke manne da Milan ta arewa, a kan Yuro 95 kowane dare. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai gado 2, amma na daɗe ina kallon kabad ɗin da ke cikinsa. Ba mai tsada ba ne, sai dai ƙofarsa tana rufuwa ba ƙara, kuma tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa daidai take daga sama har ƙasa. Na sa farce na bi ta, babu inda ta buɗe ko ta matse.

Ranar Talata 16 ga wata aka buɗe. Sesto tana ƙarshen jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, filin baje kolin kuma yana ɗaya ƙarshen, a Rho, saboda haka sai mun ratsa garin gaba ɗaya a kan tikitin Yuro 2.20. Layin yana rabuwa biyu a wata tasha mai suna Pagano, kuma ranar farko muna hira muka bi reshen da ba namu ba, sai da muka dawo baya. Ba laifin alamomin ba ne, mu ne ba mu duba ba. Yayin da muke jiran wani jirgin, yaron ya nuna mini ƙarfen da ake dafawa a matakala, jan bututu mai lanƙwasa a ƙarshe kamar kan sanda, da sunan tashar da aka maimaita a jikin wani dogon layi, ta yadda duk inda kake zaune a cikin jirgi za ka gan shi ta taga. An buɗe layin a 1964, Franco Albini da Franca Helg suka tsara tashoshin, Bob Noorda ya tsara rubutun da alamomin, kuma aikin ya ci lambar yabon zane mafi daraja a ƙasar, Compasso d'Oro. A lokacin kusan shekara 60 ke nan mutane suna dafa ƙarfen nan. Na tuna tashar Kofar Wambai, inda sai ka tambayi mutum 3 kafin ka san motar da za ka shiga.

Filin Rho kansa gari ne. Wata doguwar rumfa ta gilashi da ƙarfe ta ratsa tsakiyarsa, tsawonta ya haura kilomita 1, tana hawa tana sauka kamar an shanya zane iska ta ɗaga shi. Manyan zauruka suna dama da hagu. Kamfanoni kusan 2,000 suka baje kaya a shekarar, kuma daga baya aka sanar cewa mutum sama da 370,000 suka shiga cikin kwana 6. Na ji Larabci, na ji Sinanci, na ji Turkanci, na ga 'yan Indiya da 'yan Barazil, na haɗu da wasu 'yan kasuwa 2 daga Legas da ke neman wakilcin wani kamfanin kayan kicin. Kowace rumfa an gina ta kamar gidan gaske, da bango da tagogi da itatuwa a tukwane, kuma bayan mako guda za a rushe.

Niyyar da na zo da ita ba ɓoyayya ba ce. Na sayi sabuwar waya mai faɗin ma'adana don in cika ta da hotuna, in koma gida da samfurin shekara 5. Awa 3 na farko haka na yi ta yi. Sai muka zo wata rumfa, na ga kujerar falo da ban gane yadda aka haɗa bayanta da ƙafarta ba. Babu ƙusa, babu alamar sukurori, itacen ya zagayo kamar a haka ya tsiro. Na durƙusa, na zaro tef daga aljihu, na fara auna ƙasanta. Wata ma'aikaciyar rumfar ta matso, cikin ladabi ta yi magana, yaron ya fassara mini: hoto daga nesa babu laifi, amma awo ba a yarda ba. Ta ƙara da cewa wanda ya zana kujerar ya yi shekara 2 a kanta, an yi samfuri da yawa an watsar kafin a kai ga wannan, kuma duk guda ɗaya da aka sayar yana da kasonsa a ciki. Ta nuna mini ɗan allon da ke gefe, ga sunan kujerar, ga sunan mutumin, ga shekara.

Na mayar da tef aljihu, amma raina ya sosu. Da farko haushi na ji, na ce a zuciyata kujera ce fa, ba asirin gwamnati ba. Muka fita waje muka zauna a kan wani dakali, na yi shiru. Abin da ya dawo mini shi ne wata shekara da na ƙirƙiro wani kan gado mai sassaƙar dagi a tsakiya, na kwana 9 ina gyara shi, kafin wata 2 na gan shi a shaguna 4 a layinmu, an ma rage masa kuɗi. Na san zafin da na ji a lokacin. Ban taɓa kawo wa raina cewa hotunan da ake kawo mini su ma suna da mai irin wannan zafin ba.

Daga nan kallona ya sauya. Na rage ɗaukar hoto, na koma karanta ƙananan allunan. A wani ɓangaren filin akwai sashen da ake kira SaloneSatellite, na matasa 'yan ƙasa da shekara 35, wanda wata mata mai suna Marva Griffin ta kafa a 1998. Kowane matashi da 'yar rumfarsa, yana tsaye kusa da abin da ya yi, masu masana'antu suna zagayawa suna tambaya suna karɓar kati. Na tsaya wajen wata yarinya 'yar Japan da ta yi fitila da takarda da siraran itace, da wani saurayi da ya yi benci daga ɓawon shinkafa da aka matse. Ɓawon shinkafa, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bakin injinan Kura! A nan na gane yadda abin yake tafiya: makaranta tana yaye mai zane, mai zane yana kawo tunani, mai masana'anta yana zuba kuɗi, ƙananan masu sana'a suna yin aikin hannu, mujallu suna yayatawa, sannan duniya ta zo saye a watan Afrilu. Duk waɗannan suna zaune kusa da juna, tafiyar da ba ta wuce awa 1 ba. Jami'ar fasaha ta garin, Politecnico, tana nan tun 1863, mujallar Domus kuma tun 1928.

Abinci ya ba ni ɗan wahala. Shahararriyar shinkafarsu mai ruwan ɗorawa, wadda ake dafawa da za'afaran, yaron ya ce yawanci ana zuba mata giya wajen dahuwa, don haka na haƙura. A cikin filin burodi da cuku da tumatir na riƙa ci. Da dare kuma sai mu sauka a titin Padova, inda Larabawa da 'yan Bangaladash da 'yan Afirka suke da shaguna, mu ci shinkafa da naman halal a kan Yuro 8 zuwa 10. Gahawarsu a tsaye ake shan ta, ɗan kofi kamar na shayin Buzaye, kurɓa 2 ka ajiye Yuro 1 da 'yan canji ka wuce. Ruwa kuwa kyauta ne, akwai korayen famfuna na ƙarfe a tituna da ba sa daina zuba, sai dai ka cika gorarka.

A titin Padova ɗin ne na ji Hausa. Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, ya ji muna magana ya juyo ya ce, "Sannunku, 'yan'uwa, daga ina?" Ya fi shekara 20 a ƙasar, yana aiki a wata masana'antar jima a lardin Vicenza, ya zo ziyarar 'yarsa. Da ya ji daga Kano nake sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ai sunan garinku na sha gani a jikin dila." Mun daɗe a kan wannan maganar. Italiya tana cikin manyan masu sayen fatar awaki da tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi an san ta a Turai tun zamanin da ake ratsa Sahara da ita, har suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Kakana na wajen uwa baduku ne, na tashi ina ganin yadda yake rina fata da karan dafi. Washegari da muka bi ta titin Montenapoleone, na ga jakar mata a bayan gilashi an rubuta mata kuɗin da ya fi na kayan ɗaki 3 na shagona. Fata tana barin Kano a dila ba suna, a nan ake ba ta siffa da suna, kuma kuɗin yana wajen siffar da sunan.

Ranar Laraba da Alhamis cikin gari muka yini, don a makon nan garin gaba ɗaya yana zama baje koli, abin da suke kira Fuorisalone. A unguwar Brera kusan kowace ƙofa a buɗe take: tsofaffin gidajen masu hali, shagunan littattafai, gareji, har farfajiyar jami'a, duk an cika su da sababbin kujeru da fitilu da yadudduka, kuma yawanci shiga kyauta ne, sai dai layi. Na ga tsofaffi da sanda da yara 'yan makaranta suna bin layi don su kalli teburi. Mun hau tsohon taragon titi na 1928 mai bencin katako da ke sheƙi saboda zama, mun wuce ta wasu tagwayen benaye da aka dasa wa itatuwa wajen 800 a baranda, mun tsaya a gaban Duomo, babban cocin da aka fara ginawa a 1386 ba a sa masa ƙofar ƙarshe ba sai 1965. Duk na gani, amma wurare 2 ne suka zauna mini.

Na farko shagon kamfanin Cassina ne a titin Durini. A nan na sake haɗuwa da Gio Ponti. Akwai wata kujerar cin abinci da ya zana, ta fito a 1957, ana kiranta Superleggera, wato mai matuƙar rashin nauyi. Nauyinta kilo 1.7 ne. Aka ba ni izini na ɗaga ta, da yatsa 1 na ɗaga. Ƙafafunta ba zagaye ba ne kuma ba murabba'i ba, kusurwa 3 gare su, kaurinsu milimita 18, an fefe duk itacen da ba ya ɗaukar nauyi an bar wanda ke aiki kawai. Mazauninta saƙa ce. Na zauna a kai da tsoro, ga ni ba ƙaramin mutum ba, ko ƙara ba ta yi ba. Ponti bai ɓoye cewa daga kujerun gargajiya na garin Chiavari ya ɗauko tushenta ba, ya yi shekaru yana rage ta. Mu a wajenmu nauyi shi ne shaidar inganci. Mai saye yana zuwa zai gwada ɗaga kujera, in ta yi masa nauyi ya ce, "Yawwa, wannan katako ne." Na sha ƙara kauri ba don aiki yana buƙata ba, sai don hannun mai saye ya gamsu. Ga wata kujera da ake sayarwa tun 1957 ba a sauya ta ba, kuma abin alfaharinta shi ne yaro zai iya ɗaukarta.

Na biyu ofishin wani mai zane ne, marigayi Achille Castiglioni, a dandalin Castello, wanda ya rasu a 2002 aka bar wurin aikinsa yadda yake, ana shiga da alƙawari rukuni-rukuni. Ɗakuna ne cike da samfura, da manyan takardun zane a naɗe, kowane aiki da akwatinsa da lambarsa. Aka nuna mana fitilar Arco ta 1962 da ya yi tare da ɗan'uwansa Pier Giacomo: dogon ƙarfe mai lanƙwasa da ke kawo haske kan teburi ba tare da an huda silin ba, gindinta kuma dutsen marmara ne mai nauyin gaske. A jikin dutsen akwai rami, an yi shi ne don a zura sandar tsintsiya mutum 2 su ɗauka. Ga kuma kujerar da suka yi da mazaunin tarakta. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne kabad-kabad na gilashi da ya cika da tarkacen da ya riƙa tsintowa: almakashi, tabarau, guduma, kujerar tatsar madara, kayan da ba a san wanda ya fara yin su ba. Da su yake koyar da ɗalibansa, yana nuna musu yadda buƙata ta gyara siffar kowanne.

Ina tsaye a wajen sai kujerar tsakar gidan mahaifiyata ta faɗo mini, 'yar tsugunno da aka sassaƙa daga gungume 1, wadda tsayinta ya yi daidai da murhu, ana ɗaukarta da hannu 1, ba ta da haɗin da zai saki. Sai akushi, sai faifai, sai adudu, sai gadon tukurwa da iska ke ratsawa a lokacin bazara. Duk cikinsu babu wanda na taɓa aunawa. Na ƙetare teku na durƙusa da tef a ƙarƙashin kujerar wani, alhali wadda na tashi a kanta ban san tsayinta ba.

Ranar Juma'a muka je masallacin Segrate, a gefen gari ta gabas, wanda aka buɗe a 1988 da ƙubba da hasumiyarsa. An cika har waje, na yi sahu tsakanin wani Bamisre da wani ɗan Senegal.

Asabar ce ranar da ta fi mini amfani a sana'a. Wani abokin karatun yaron ɗan Meda ne, a yankin Brianza da ke arewa da Milan, kuma mahaifinsa yana da ƙaramin wurin aiki. Daga tashar Cadorna muka shiga jirgi, tafiyar ba ta kai awa 1 ba. Meda da Cantù da Lissone da maƙwabtansu su ne hannun da ke bayan sunan Milan, kusan kowane lungu akwai masu yin ƙashin kujera, ko masu ɗinkin kushin, ko masu fenti, ko masu lanƙwasa ƙarfe. Dattijon ya haura 70, ma'aikatansa 6, ƙashin kujeru yake yi wa manyan kamfanoni. Da muka gaisa ya juya tafin hannuna ya duba, ya nuna mini nasa, muka yi dariya, don tabon kurfi iri ɗaya ne a ko'ina.

Bangon wurin cike yake da ma'aunan falle da aka yanka daidai siffar kowane ɓangare na kujera, an rataye su, kowanne da lamba da shekara. Ya ce in wani ya kawo kujerar da suka yi shekara 40 da suka wuce ƙafarta ta karye, zai sauko da ma'auninta ya fitar da sabuwa. Ni kuwa in aka ce in maimaita gadon da na yi bara, sai dai in nemi hoto. Sannan ya ɗauko wata 'yar na'ura mai tsini 2, ya soka a jikin katako, lamba ta fito. Danshin itacen take aunawa. Ya ce ba ya taɓa katakon da ya wuce kashi 10 cikin 100, sai an busar da shi a ɗakin zafi tukuna. Nan take na gane ciwon da ya daɗe yana damuna. Katakonmu daga Kudu yake zuwa da ruwansa, mu yanka mu haɗa da damina, hunturu na shigowa ya tsotse shi, ƙofar kabad ta baje, haɗi ya buɗe, uwar amarya ta dawo tana faɗa. Na daɗe ina ɗora laifin a kan gam.

Na nuna masa hotunan aikina. Ya yaba sassaƙar, ya ce a garinsu masu iya wannan da hannu sun kusa ƙarewa. Da ya zo kan wani saitin kujeru sai ya tsaya, ya faɗi sunan kamfanin da ya fara yin sa da shekarar, ya dube ni. Ban musa ba. Bai yi fushi ba, sai dai ya ce irin wannan kwaikwayon, da ake yi da yawa a manyan masana'antun wasu ƙasashe, ya rufe wuraren abokansa da dama, kuma 'ya'yansu ba sa son gadon sana'ar. Na ce masa mu ma kayan Turkiyya da na Sin sun cika kantunan Kano, masu kuɗi sun fi son su a kan namu. Muka yi shiru mu duka. Matarsa ta kawo mana taliya da miyar tumatir, ta tabbatar wa yaron cewa babu nama babu giya a ciki, muka ci a kan teburin aiki bayan an share ɗiɗɗigar katako.

Kafin mu koma na sayi irin na'urar nan a wani shagon kayan aiki a kan Yuro 35, da fensira da babbar takardar zane naɗi 1. Ban da turare da na saya wa maiɗakina, su ke nan tsarabata. Gaba ɗaya, ban da kuɗin jirgi, na kashe abin da ya kusa Yuro 1,100.

Litinin na baro. Yaron ya raka ni har Malpensa, na mayar masa da rigar sanyinsa, na sa masa albarka. Na iso Kano da rana tsaka, zafi ya tare ni tun daga matakalar jirgi.

Washegari na shiga shago da na'urar, na bi katakon da ke jingine ɗaya bayan ɗaya ina sokawa. Wanda aka kawo makon da na tafi ya nuna 22. Na sa yara suka jera shi a rumfar baya da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, na ce kada wanda ya taɓa shi sai na ce. Da yamma na je gidanmu na roƙi Hajiya aron kujerarta. Ta ce, "Me za ka yi da wannan tsohuwar?" Na ce aunawa zan yi. Tsayinta santimita 19.

Masu saye suna nan suna zuwa da hotunansu, kuma ina yi musu, don da shi nake biyan yara 11. Amma a bangon shago yanzu akwai ma'auni 7 a rataye, kowanne da lamba da shekara. Kujerar farko da na zana da kaina, ta madaci mai mazaunin saƙar kaba, ta fito da kilo 4.3, kuma ƙafar baya ta tsage a haɗi ranar da babban yarona ya jingina da ƙarfi. Na gano inda na fefe fiye da kima. Ta biyu tana kan benci, jiran katakon rumfar baya take yi, wanda jiya ya nuna 13.